Tafin Kyarkeci a Gonar Alkama

A ƙauyukan da ke jere a bakin kogin Sava, can gabashin Kuroshiya, akwai wani ciwo da tsofaffi suka san shi tun kafin likitoci su raɗa masa suna. Ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya kuma kayar da mutum dare ɗaya. Magidanci yana tsakiyar ƙarfinsa, ɗan shekara 40 ko 50, sai a ga aikin da ya saba gamawa kafin azahar ya fara gagararsa. Abinci ya fita ransa, jini ya ragu, fata ta koɗe ta koma kamar tagulla, tafin hannu da na ƙafa su yi ruwan ɗorawa. Ƙafa ba ta kumbura, kuma galibi jini ba ya hawa a farko, balle likita ya yi saurin zargin ƙoda. Haka zai yi ta lallaɓawa shekara da shekaru, har ranar da jiki zai kasa fitar da dattinsa. In an buɗe gawa sai a tarar ƙodojin nan biyu sun motse sun ƙanƙance. Ƙodar babban mutum takan kai giram 150, amma a cikin na waɗannan bayin Allah akwai waɗanda ko giram 50 ba su kai ba.

A 1956 wani likita mai suna Tanchev ya ba da rahoton ciwon daga yankin Vratsa na Bulgeriya. Shekara guda bayan haka Danilović ya ba da nasa daga ƙauyen Šopić a Sabiya. Ba a jima ba aka gane abin yana Bosniya, yana Romaniya, yana Kuroshiya, kuma duk inda aka same shi ƙauyen manoma ne a fadamun kogunan da ke zuba cikin Danub. Aka sa masa suna ciwon ƙodar Balkan. An taɓa ƙiyasta masu fama da shi sun kai 25,000, waɗanda ke cikin haɗarin kamuwa kuma 100,000.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda ciwon yake zaɓen mutanensa. Ba ya shiga birni. Ba ya kama yara. Ƙauye ne za a ga ya cinye shi, na kusa da shi kuwa, tafiyar da ba ta kai awa guda a ƙafa ba, lafiya lau. A cikin ƙauye ɗaya ma sai ya shiga wannan gida ya tsallake na maƙwabta. Gidan da ya shiga kuma ba ya tsayawa kan mutum ɗaya: uba, ɗa, har da matar ɗan da aka auro daga wani gari inda ba a san ciwon ba. Wannan ita ta rushe zancen gado, domin matar aure ba jininsu ba ce, tukunyarsu kawai take ci. Akwai kuma 'yan Yukiren da kakanninsu suka yi ƙaura zuwa ƙauyukan Kuroshiya; waɗanda suka sauka a ƙauyukan da ciwon yake sun kamu kamar 'yan gari, waɗanda suka sauka a wasu ƙauyukan kuwa ba abin da ya same su. Sai mutum ya shekara 15 ko 20 a wurin kafin alamar ta fito. Ga kuma wata masifar a kan masifa: kusan rabin masu ciwon sukan kamu da sankara a kwarmin ƙoda ko a bututun da ke kai fitsari mafitsara, sankarar da a sauran duniya ba kasafai ake ganinta ba.

Shekara hamsin ana nema. Danilović ya zargi dalma. Wasu suka zargi ruwan rijiya da ke ratsa wani irin ɗanyen kwal a ƙarƙashin ƙasa. Wasu suka ce ƙarancin wani sinadari ne a ƙasar noma, wasu suka ce ƙwayar cuta ce. Wanda ya fi samun magoya baya shi ne dafin da fumfuna ke fitarwa a hatsin da ya sha laima, saboda an ga yana lalata ƙodar aladu a Denmak. An yi taruka, an rubuta littattafai, an ɗebi jini da fitsarin manoma ba adadi. Su kuwa suna ta binne 'yan'uwansu.

Alhali kuwa ɓarawon yana tsaye a tsakiyar gona, kowa yana ganinsa.

Wata ciyawa ce da tsawonta yakan kai gwiwa ko ƙugu. Ganyenta faffaɗa ne, mai siffar zuciya, in an murza shi yana wari. Furenta rawaya ne, siriri, kamar ƙaramin ƙaho mai kumburi a gindi. A cikin maƙogwaron furen akwai gashi mai kallon ƙasa, ƙananan ƙudaje su shiga su kasa fita, sai gashin ya yi yaushi sannan su fito ɗauke da garin furen zuwa wani. Saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin ƙasa tana tsira nan da can, garma in ta yanka ta gunduwa-gunduwa sai kowane gutsure ya zama sabuwar shuka. 'Ya'yanta kamar ƙaramin ɓaure suke, cike da iri fale-fale. Masana tsirrai suna kiranta Aristolochia clematitis. Mutanen Kuroshiya suna ce mata tafin kyarkeci, na Romaniya kuma tuffar kyarkeci. Tana son ƙasa mai dausayi, irin wadda kogi ke malalewa a kai, wato dai ƙasar da alkama ke yin kyau.

Yadda take shiga cikin mutum kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa a masussuka zai gane. Lokacin da alkama ta isa girbi, 'ya'yan ciyawar su ma sun ƙosa. Lauje ba ya tambaya, yana yanke su tare, a ɗaure su dami ɗaya. A sussuke, a sheƙe, iska ta kwashe ƙaiƙayi, amma wani abu daga irin ciyawar ya zauna cikin tsaba. Manomi ya kai buhunsa ƙaramin injin niƙa na ƙauye, a niƙa masa nasa shi kaɗai, a ba shi garinsa ya koma gida. Uwargida ta kwaɓa ta gasa burodi, wanda shi ne tuwonsu, safe da rana da dare. Gidan da gonarsu ke cike da ciyawar, kullum suna haɗiyar ɗan abin da ba ya ko canza ɗanɗanon burodi. Maƙwabcinsu mai gona a tudu yana cin nasa garin lafiya. Mutanen birni kuwa garinsu daga manyan injina yake fitowa, inda ake gauraya alkamar gonaki ɗaruruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne, an faɗi wannan tun da wuri. Tun a shekarun 1950 likitocin dabbobi a Kuroshiya suka rubuta cewa dawakan da suka ci ingirici mai gauraye da wannan ciyawa ƙodarsu tana lalacewa. A 1969 kuma wani masani a birnin Niš na Sabiya, mai suna Ivić, ya shiga gonakin da ƙafarsa, ya ga ciyawar cikin alkama, ya ga irinta cikin tsaba. Bai tsaya nan ba, ya niƙa irin ya ciyar da zomaye, ƙodarsu ta lalace irin lalacewar ta manoman. Ya rubuta abin da ya gani a wata mujallar likitoci ta ƙasarsu, cikin harshensu. Ba wanda ya ƙaryata shi da hujja. An dai wuce shi ne kawai, hankalin manyan masana yana kan fumfuna. Daga ranar da ya yi magana zuwa ranar da aka tabbatar da maganarsa shekara 38 ce, kuma a cikin waɗannan shekaru yara sun girma a kan burodin nan, sun yi aure, sun haifi nasu, sun kwanta ciwo. Ina ganin da a ce manoman nan masu kuɗi ne, ko kuwa da takardar ta fito daga wata babbar jami'a ta Landan, da ba ta yi wannan dogon barci a kan kanta ba.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Bakin zaren bai fito daga ƙauyukan Balkan ba, daga Burasel ya fito, babban birnin Beljiyam.

A farkon 1992 aka kawo mata biyu asibiti a birnin, dukansu ba su kai shekara 50 ba, ba su da tarihin ciwon ƙoda, amma ƙodojinsu suna mutuwa da gudun da likitoci ba su saba gani ba. Farfesa Jean-Louis Vanherweghem na asibitin Erasme ya bi diddigin rayuwarsu, ya tarar abu ɗaya ne ya haɗa su: wurin rage ƙiba ɗaya suke zuwa. Ya tuntuɓi sauran cibiyoyin wankin ƙoda na birnin, ko sun ga irin wannan? Aka samo wasu mata bakwai. Tara ke nan, kuma hanyarsu ta bi ta ƙofa ɗaya. A wasunsu, ma'aunin dattin jini yakan ninka cikin wata uku kacal.

Wurin nan ya shekara 15 yana ba mata maganin rage ƙiba ba a ji wani abu ba. A watan Mayu na 1990 ne aka sauya haɗin kafson, aka ƙara garin wasu itatuwa biyu da aka shigo da su daga ƙasar Sin. Ɗaya daga cikinsu, a takarda, saiwar wata shuka ce mai suna Stephania tetrandra, wadda masu maganin gargajiya na Sin ke kira han fang ji. Sai dai akwai wata saiwar da suke kira guang fang ji, kuma a kasuwa dukansu biyu akan taƙaita a ce fang ji. Kama da wane ba ta wane. Ta biyun Aristolochia fangchi ce, 'yar'uwar ciyawar gonar alkama. Busasshiyar saiwa da busasshiyar saiwa, balle an daka sun zama gari an ɗura a kafso, wa zai bambance da ido? Da aka kai garin ɗakin gwaji, a mafi yawan samfuran ba a ga sinadarin da ya kamata a gani a saiwar farko ba. Abin da aka gani shi ne aristolokik asid, dafin da dangin Aristolochia ke ɗauke da shi.

Rahoton farko ya fito a mujallar Lancet a watan Fabrairun 1993. Kafin nan an janye garin daga kasuwa, amma aikin gama ya gama. Mutanen da suka sha haɗin sun kusa 2,000, waɗanda ƙodarsu ta taɓu sun haura 100, kusan dukansu mata. Daina shan maganin bai tsayar da ciwon ba. Ƙodar ta ci gaba da bushewa bayan an yar da kwalbar da watanni, da shekaru. Da yawa suka koma kan injin wankin ƙoda, sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, suna jiran a samu wanda zai ba su ƙoda a dasa musu. Ban ga laifin matan nan ba ko kaɗan. Likitoci ne suka rubuta musu maganin, masu haɗa magani ne suka haɗa, kuma an gaya musu ganye ne. Wace ce za ta ji tsoron ganye?

Ba su gama da wannan ba sai ga sankara. Da aka fara ganinta jefi-jefi, likitocin Erasme suka yanke wata shawara mai nauyi: duk wadda ƙodojinta suka riga suka mutu, a cire su gaba ɗaya tare da bututun fitsari, tun kafin wani abu ya tsiro a ciki. Mutum 39 suka amince aka yi musu aikin. Da aka duba abin da aka ciro, 18 sankara ta riga ta kama su ba su sani ba. Wasu 19 ƙwayoyin naman wurin sun fara sauya kama. Biyu kaɗai aka samu lafiya. Joëlle Nortier da abokan aikinta suka buga wannan a shekarar 2000, kuma suka nuna cewa waɗanda jimillar garin da suka sha ta haura giram 200 sun fi shiga haɗari.

Wani abin takaici, ba a ranar aka fara sanin sinadarin nan mugu ne ba. A 1964 an gwada shi a Amurka a kan masu sankara da fatan zai zama magani, aka dakatar saboda yana kashe ƙoda. A farkon shekarun 1980 an nuna a Jamus cewa yana haddasa sankara a jikin ɓeraye, hukuma ta janye magungunan da ke ɗauke da shi. Ilimin yana nan a rubuce, sai dai a warwatse, kowane gutsure a aljihun wani.

To, a nan ne hanyoyin biyu suka haɗu. Wani masanin nazarin naman jiki a Beljiyam, Jean-Pierre Cosyns, ya sa yankan ƙodar matan nan a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Lafiyayyar ƙoda cike take maƙil da ƙananan bututu, jere kamar saƙar zuma. A nan kuwa bututun sun ɓace, tabo ne fari fat ya maye gurbinsu, ya fi tsanani a bayan ƙodar yana raguwa zuwa ciki, su kuwa ƙananan matatan jinin suna nan kusan yadda suke, kamar gidajen da aka bari tsaye bayan an share hanyoyin gari. Ya san inda aka taɓa kwatanta irin wannan hoto. A 1994 shi da abokan aikinsa suka rubuta tambayar a fili: anya wannan ba shi ne ciwon Balkan ba? Bambancin kawai, abin da manomi ya haɗiya kaɗan-kaɗan cikin shekara 20, matar birni ta haɗiye shi cikin shekara guda.

Zato dai zato ne, ana bukatar shaida. Wanda ya ɗauki nauyin nemo ta shi ne Arthur Grollman, masanin magunguna a jami'ar Stony Brook ta Amurka, tare da likitan ƙoda Bojan Jelaković na Zagreb. A farkon shekarun 2000 suka shiga yankin Slavonski Brod, suka zauna da manoman da ke kwance kan gadajen wankin ƙoda. An tambaye su ko suna shan maganin gargajiya da aka yi da wannan ciyawa, amsar ba ta kai ko'ina ba. Amma da aka nuna musu hotonta, sun san ta sarai. Wata ɗaliba, Tjaša Hranjec, ta bi su da tambayoyi dalla-dalla, sai ga shi masu ciwon sun fi sauran mutane tuna ganin ciyawar a gonakinsu da irinta cikin alkamarsu shekara 20 ko 30 da suka wuce. Da ma da ɗan gari akan ci gari. Shekara da shekaru ana ɗibar jininsu, ba a cika tambayarsu abin da ke tsirowa a gonarsu ba.

Shaidar da ta rufe bakin kowa kuwa daga cikin naman ƙodar ta fito, kuma sai an ɗan san aikin ƙoda za a ga kyawunta. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan guda. A kwana ɗaya ƙodojin biyu suna tace ruwan da ya kai lita 180 daga jini, amma abin da mutum ke fitarwa bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duk ƙananan bututun nan ne ke tsotse shi su mayar cikin jiki. Bututun suna da wasu ƙofofi da aikinsu shi ne jawo dattin da ke yawo a jini su tura shi cikin fitsari. Ta waɗannan ƙofofi aristolokik asid yake shiga, ya taru a wurin fiye da ko'ina a jiki. Wato ƙwazon ƙodar wajen tsabtace jini shi ne yake jawo mata ajalinta. Da ya shiga sai jiki ya sarrafa shi ya koma wani abu mai danƙo, ya je ya manne a jikin DNA, littafin da aka rubuta umarnin kowace ƙwayar halitta a ciki. Littafin nan da haruffa huɗu aka rubuta shi: A, C, G da T. Dafin yana manne wa A. Idan ƙwayar ta zo kwafar littafin don ta rabu biyu, sai ta yi tuntuɓe a wurin, ta rubuta T a inda A take. Irin wannan kuskure ba kasafai yake faruwa a sauran sankarori ba, shi ya sa ya zama kamar sawun ɓarawo a kan danshi. Heinz Schmeiser na Heidelberg ya riga ya ga dafin manne a DNA ɗin matan Beljiyam tun 1996. A 2007 Grollman da abokansa suka nuna shi a ƙodar manoman Kuroshiya, suka kuma nuna sauyin A zuwa T a ƙwayar gadon da ake kira TP53, wadda aikinta shi ne hana sankara tsirowa. Maganar Ivić ta tabbata.

Da aka samu sawun, sai aka bi shi duniya, kuma inda ya kai ya fi inda ya fito ban tsoro. A Taiwan inshorar lafiya ta ƙasa tana biyan kuɗin maganin gargajiya, saboda haka komai a rubuce yake. Da aka duba, tsakanin 1997 da 2003 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen tsibirin an taɓa rubuta musu maganin da ke iya ɗauke da wannan sinadari. Taiwan kuwa tana sahun gaba a duniya wajen yawan sankarar bututun fitsari. A 2012 an binciki masu wannan sankara 151 a can, aka samu dafin manne a ƙodar kashi 60 cikin 100. A 2017 aka ga sawunsa a kashi 78 cikin 100 na samfuran sankarar hanta 98 daga tsibirin. A ƙasar Sin ma wata kurangar dangin, guan mu tong, ta daɗe tana maye gurbin wata mai suna mu tong a cikin wani sanannen haɗi, har sai da labarin masu mutuwar ƙoda ya fito a jaridu aka hana ta a 2003. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa sinadarin a rukunin farko, rukunin da taba sigari take.

Da farko an sa wa ciwon matan Beljiyam suna ciwon ƙodar ganyayen Sin, daga baya aka sauya aka jingina shi ga sinadarin. Sauyin ya yi daidai. Daga ganyayen Sin ɗin nan ne, daga wata 'yar'uwar tazargade, aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro da ke ceton 'ya'yanmu a yau. Ba itatuwa ne abin zargi ba, ba kuma mutanen Sin ba. Girkawa da Rumawa sun yi magani da wannan dangin shuka, haka mutanen Indiya da na Turai. Sunan ma daga Girkanci yake, ma'anarsa mafi kyau ga haihuwa, don ana ba masu naƙuda da masu jego. Shekara fiye da 2,000 masana magani na al'ummu daban-daban suna yabonta.

Yaya aka yi duk suka kasa gani? Ba don ba su da basira ba. Kakanninmu sun san zaƙami, har suka yi masa laƙabi da haukata-yaro, saboda wanda ya ci da hantsi kafin azahar an ga aikinsa. Sun san ƙwanƙwani, suka shafa shi a kibiya. Sun san ruwan tinya ba ya shiri da ido. Duk dafin da ke nuna kansa a yini ɗaya, gwaji da lura sun isa su kama shi. Amma wanda zai sha jiƙo yana ɗan shekara 30, ciwon cikinsa ya lafa, ya yi godiya, sannan ƙodarsa ta tsaya yana ɗan shekara 50, wane mai lura ne zai ɗaura wannan da wancan? Ga shi ba kowa yake kamawa ba. A Beljiyam ma, cikin kowane mutum 20 da suka sha, kusan ɗaya ne ya kwanta. Sauran 19 shaidu ne masu rai cewa maganin ba ya komai. Ita kuma ƙoda ba ta da ƙorafi, tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mai ita yana noma yana kasuwa bai ji ko ɗar ba. Shi ya sa idan na ji mai talla da lasifika a bakin kasuwa yana cewa tun kaka da kakanni ake shan wannan ba a taɓa jin ya kashe kowa ba, gabana yakan faɗi. Mai yiwuwa gaskiyarsa yake faɗa iyakar saninsa. Uwargidan da ke gasa burodi a bakin Sava ita ma da za a tambaye ta, rantsuwa za ta yi.

Kuma dangin shukar nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Akwai wata mai yaɗo da ke fita a ƙasar Hausa, furenta baƙi-baƙi mai ruwan hanta, masana suna kiranta Aristolochia albida. Wani likita mai suna Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwa na Hausa ya buga a 1916, ya kawo ta da sunan duman dutse, da maɗacin ƙasa, da gaɗaukuka, ya kuma ambaci amfani da saiwarta wajen maganin kurkunu. Ana neman ta don ciwon ciki da saran maciji. Masu binciken sinadarai sun ciro aristolokik asid daga saiwarta. A Sudan akwai 'yar'uwarta da ake kira um galagil, ita ma tana ɗauke da shi. A lura, maɗacin ƙasa daban, itacen maɗaci da ake sassaƙar ɓawonsa daban, ba su haɗa dangi ba, ɗaci ne kawai ya haɗa su suna. Wannan kusancin suna shi ne irin ramin da aka faɗa a Burasel. Mu ma sunan itace yakan sauya daga Sakkwato zuwa Katagum zuwa Damagaram, kuma saiwa in ta bushe aka daka ta aka ƙulla a leda, mai sayarwar ma sai dai ya gaskata wanda ya kawo masa. Duk wanda aka miƙo masa saiwa da ɗayan waɗannan sunaye uku, roƙona gare shi ya mayar da ita, kada ya jiƙa, kada ya ba mai jego, kada ya ɗura wa yaro. Tafasawa ba ta kashe wannan dafi, kuma ba a san wani ɗan ƙaramin awo da za a ce ya kuɓuta daga haɗarin sankara ba.

A bakin Sava ciwon yana ja da baya. Ba wani magani aka samo ba. Rayuwa ce ta sauya. Manyan injinan girbi sun zo masu tace tsaba, an sami maganin feshi, ƙananan injinan niƙa na ƙauye sun rufe, mutane sun koma sayen burodi a kanti. Waɗanda ke zuwa wankin ƙoda yanzu galibi tsofaffi ne, masu ɗauke da burodin ƙuruciyarsu. Ciyawar kuwa tana nan a gefen gonaki, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa idan ta ruɓe a ƙasa, amfanin gona yana iya tsotsar dafin ta saiwarsa.

Matan Burasel da suka rayu, da yawa daga cikinsu an dasa musu ƙoda. Cire tsofaffin ƙodojin bai sallame su daga asibiti ba, domin a wasunsu sankarar ta sake ɓullowa a mafitsara bayan shekaru, saboda haka a kai a kai ake zura musu na'ura ana leƙawa. A 2014 Schmeiser da abokan aikinsa suka sake gwada naman ƙodar da aka ciro daga wasu cikinsu. Akwai wadda rabonta da kafson ya haura shekara 20. Dafin yana nan manne a kan harafin A.